Cikin da Ban Gasa Ba

Shekara talatin da ɗaya ina wanke masu jegon garinmu, ba wadda ta taɓa cewa hannuna na da sanyi, sai da Lolo Filomena ta tsaya a bakin coci ranar Lahadi, jama'a na fitowa, ta ce wai na je Aba na cinye kajin ɗanta mako bakwai, na bar surukarta da ciki kamar ganga. Ba a raɗa ta faɗa ba. A matakala ta uku ta tsaya, inda murya ta fi tafiya, tana fifita da takardar waƙoƙi. Kafin Laraba, gidaje biyu da suka riga suka kama ni suka aiko wai sun sami 'yar'uwar da za ta zo. Wace 'yar'uwa? Na san danginsu kaf, babu wadda za a ba jariri ba ta riƙe shi kamar kabewa ba.

Sunana Ugoye, na ƙasa da ni kan ce mini Daa, wato yaya. Ban yi boko ba, kuma ni ba ungozoma ba ce. Karɓar haihuwa aikin nas-nas ne, su da takardunsu da baƙin ransu. Ni aikina omugwo. In mace ta haihu, uwarta ce ke tattara kaya ta je ta zauna da ita wata uku. To, wadda uwarta ta mutu fa? Wadda uwarta ke ƙasar waje tana wanke tsofaffin Turawa fa? Ni ce uwarsu ta aro. Tun naƙuda nake shiga. In riƙe baya, in goge gumi, in sha cizo, in yi faɗa da duk wanda ya daka wa yarinya tsawa. In an dawo gida, jariri a hannuna yake kwana. In yi masa wanka, in miƙe masa gaɓoɓi, in dafa wa uwar farfesun doya da busasshen kifi da kimba mai sa hawaye, in nemo mata bammi sabon tatsa don nono ya kawo. Sai babban aikin, wanda da shi ake auna mu: safe da yamma a tsoma tawul a tafasasshen ruwa, a danna cikin mai jego har jinin banza ya fita, ciki ya koma. Wadda ba ta yi ihu ba, ba a gasa ta ba.

Kosiso marainiya ce. Da uwarta muka yi tallan manja muna 'yan mata. Da ta auri Tobenna, ɗan Lolo, ta sami ciki, ita da kanta ta aiko a kira ni zuwa Aba, inda suke zaune.

Ita kuwa Lolo, wata tara ba ta zauna ba. Lahadi tana cocinmu a layin gaba, Laraba tana bayan gari wurin wani annabi mai sayar da man zaitun a kwalbar magani. Shi ya gaya mata surukarta za ta haihu sumul kamar matan Ibraniyawa, wuƙa ba za ta taɓa jikin kowa a zuri'arta ba. Ta ɗauki maganar ta zaga da ita kasuwa. Ta ce matan yanzu da ake yankawa a ciro 'ya'ya, ragwaye ne, ko kuma suna da wani zunubi da ba su faɗa ba. A gaban Kosiso take faɗa, tana shafa mata man a cibiya.

Naƙuda ta kama yarinyar ranar Litinin da safe, muka kai ta asibiti. Har Talata da rana tsaka shiru. Lolo tana can garinmu, ƙanin mijinta ya mutu, ba halin ta bar zaman makoki, kuma har gobe ina cewa mutuwar mutumin nan ita ce alheri guda da ya taɓa yi wa wani. Likita ta fito, wata 'yar siririya mai tabarau, ta ce yaro ya kwanta a gicciye, ya fara gajiya, aiki za a yi yanzu-yanzu, miji ya sa hannu.

Tobenna ya zaro waya.

Na ce, "Wa za ka kira?"

Ya ce, "Mama."

"Mamanka ce za ta shiga ta juya shi? Ko annabin za ta turo da kwalba?"

"Daa Ugoye, ba ki san Mama ba."

"Na san ta tun tana yawo ba takalmi. Ajiye wayar nan kafin in jefa ta a bokitin da matarka ta yi amai. Ranar da kake sa cikin, uwarka ka kira? Karɓi biro."

Ya sa hannu. Aka ciro namiji, ƙato, mai kai irin na kakansa. Da na ga kan nan na ce ko a miƙe ya kwanta, sai an nemo kafinta.

Da Kosiso ta farfaɗo, ba ta tambayi ɗanta ba tukuna. Bakin zanina ta kama.

"Daa, ki rantse ba za ki gaya wa Mama ba."

"Ke da kika tsallake rijiya da baya, wannan ne damuwarki?"

"Za ta ce ni ba mace ba ce. Za ta faɗa a kasuwa. Ba ni da kowa a garin nan, Daa. Ki rantse."

Na rantse mata da kabarin uwarta. Da na san abin da zai biyo baya, da wani ƙaramin abu na rantse.

Kwana takwas muka yi a asibiti. Tobenna ya gaya wa uwarsa shawara ce ta kama jariri. Kafin mu koma gida, Lolo ta riga ta ja akuya har gaban coci, ta yi rawa, ta karɓi lasifika ta shaida wa duniya cewa surukarta ta haihu kamar Ba'ibraniya, ko ƙara ba a yi mata ba. Sannan ta cika buhu da doya, ta hau mota ta taho Aba, wai ta zo ganin jika. Ni ta zo gani.

Ciki mai sabon ɗinki ba a danna shi da tafasasshen ruwa. Wannan ko ni da ban san harafi ba na sani. Amma Lolo na zaune a falo, ta baza kunne, tana jiran ihu. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa aiki da ni ba.

Kullum da safe sai in tafasa ruwa cikin babbar tukunya, in ratsa falo da shi yana tururi don ta gani, mu shiga banɗaki, in danna sakata. In sirka ruwan, in wanke yarinyar a hankali, baya da ƙafafu da ƙugu, in share wurin ɗinkin yadda nas ta nuna mini, ta ɗaura zaninta. Daga nan sai wasa ya fara. In jiƙa tawul in riƙa makawa a bango, fat, fat, ina tuttular da ruwan zafi a rariya, ita kuma ta buɗe maƙogwaro.

"Wayyo! Daa, za ki kashe ni!"

Daga falo sai mu ji Lolo: "Ƙara danna mata, Ugoye! Kada ki ji tausayinta! Ni da aka gasa ni sai da na suma!"

Ranar farko muryar Kosiso kamar ta ɗan tsako. Kafin mako biyu ta gwanance. Ta kira Yesu, ta kira Maryamu, ta kira waliyyan da ban taɓa jin sunansu ba. Sai da na ce ta rage, kada maƙwabta su kira 'yan sanda. Lolo kuwa, in mun fito, har nama take ƙara mini a miya.

A mako na bakwai asirin wasan ya tonu, kuma sakacina ne. Lolo ta zaga bayan gida shanya barkono. Tagar banɗakin a buɗe take saboda tururi, akwai kuma wani bulo a ƙarƙashinta. Mace mai sarauta, mai murjani a wuya, ta hau bulo ta leƙa banɗakin mutane. Abin da ta gani: ni a zaune kan kifaffen bokiti, hannu ɗaya na cin gyaɗa, ɗayan na maka tawul a bango. Kosiso kuma a kan murfin masai, da zani har ƙirji, tana ihun "Na mutu! Na mutu!" tana latsa waya.

Muna buɗe ƙofa muka same ta a tsaye, ta riga ta naɗe hannun riga.

"Macuciya! Mayaudariya! Ashe bango kike gasa mini? Matsa, yau ni zan gasa ta da kaina."

Na ware hannu na tare ƙofar. Na ce, "Sai dai ki fara gasa ni."

"Surukata ce!"

"Mai jegona ce."

"Me ya hana ki danna ta?"

Na waiwaya. Kosiso ta maƙale a bayana. Na ce, "Ban ga dama ba."

Ta ce in bar gidan ɗanta kafin rana ta faɗi. Na ce zan bari, amma na ja Tobenna kicin na gaya masa in na fita na bar uwarsa da tukunya a gidan nan, gawar matarsa zai ɗauka. A karo na biyu a rayuwarsa yaron ya yi abin kirki. Ya ce wa uwarsa Baba na gida shi kaɗai, ba mai dafa masa abinci. Mota ɗaya ya sa mu, ni da Lolo, kujera ɗaya, jakarta a cinyata don ba wuri. Haka na shiga gari, ba turmin atamfa, ba buhun gishiri, ba sabulu, ba ko ɗaya daga abin da ake sallamar mai omugwo da shi don gari ya san ta yi aiki. Kowa ya gan ni na sauka hannu rabbana. Lahadin da ta biyo baya, Lolo ta hau matakalar coci.

Wata huɗu ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Mata uku suka haihu a unguwarmu. Ɗaya har wata 'yar coci aka kawo mata, wadda ta yi wa jariri wanka da sabulun wanki. Ina ji ina gani.

Da watan Agusta ya zo, matan gari na nesa da na kusa suka dawo babban taro, na kai ƙara. Aka cika ɗakin taro da anko, shuɗin zani da farar riga, kowa ta kafa ɗauri kamar za ta tashi sama. Madam Rejina ce shugaba, tsohuwar hedimasta, mace mai ƙararrawa. Kosiso na can layin baya, wurin sababbin aure, da yaron a cinya. Tun da na shigo ba ta ɗago kai ba.

Lolo ta fara. Ta kwatanta bokitin, ta kwatanta gyaɗar, har ta kwaikwayi yadda nake maka tawul. Ɗaki ya fashe da dariya. Ni ma da ba ni ba ce, da na yi.

Madam Rejina ta kaɗa ƙararrawa. "Daa Ugoye, tambaya ɗaya ce. Kin gasa cikin yarinyar nan ko ba ki gasa ba?"

"Ban gasa ba."

Aka ɗauki guna-guni.

"Me ya sa?"

Na dubi layin baya. Kalma huɗu ce kawai, an yi mata aiki, in na faɗe ta sunana ya wanku kafin a kaɗa ƙararrawa ta gaba. Na jira ko Kosiso za ta tashi. Tana ta gyara wa yaro hular da ba ta karkace ba.

Na ce, "Shugaba, dalilin yana cikina. Ciki kuwa ba don sakwara kaɗai aka yi shi ba."

"Karin magana ba shaida ba ne. Ke kika kawo ƙara. In ba dalili, ƙararki ta faɗi, kuma za ki biya tarar ɓata wa taro lokaci."

Lolo ta gyara zama, ta ce, "A rubuta."

Raina ya ɓaci, irin ɓacin da ke sa kunne ya yi zafi. Na juya na fuskanci ɗakin. Rabin matan da ke wurin na san jikinsu fiye da mazajensu.

Na ce, "A rubuta. Zan biya. Amma ku sani ba wannan ne bango na farko da na gasa a garin nan ba. Akwai waɗanda ke zaune a nan, sun sha ɗauri, suna dariya, da ni muka yi irin wannan wasan a banɗakinsu. Ban kira suna ba, ba kuma zan kira ba, ko za a ɗaure ni. Ku ci gaba da zama. Allah ya ba ku lafiyar dariya."

Dariyar ta ɗauke.

Sai benci ya yi ƙara. Nwakaego ce, mai sayar da garin rogo a bakin tasha, mace mai faɗi, wadda ba ta taɓa magana a taro ba sai in an zo rabon shinkafa.

Ta ce, "Shugaba, ni ce na fara wannan ihun. Shekara goma sha tara ke nan."

Kafin a ce mata komai ta ɗaga riga, ta sassauta zani, ta juya dama ta juya hagu don kowa ya gani. "Ga ƙofar da Nzube ya fito. Yana jami'a yanzu. Da zai shiga, ba wanda ya tambaye shi ta ina ya fito."

Uwar mijinta na zaune a gefenta, tsohuwa tukuf, kunnenta ya yi nauyi. Ta ce, "Me take nunawa?"

Aka sunkuya aka faɗa mata a kunne.

Ta ce, "To, ihun nan fa? Ni da na zauna a tsakar gida ina yi mata kuka?"

Nwakaego ta ce, "Mama, ki yafe. Amma kin ji daɗinsa a lokacin."

Ɗakin ya kife. Madam Rejina na kaɗa ƙararrawa, ba mai ji. A cikin hayaniyar wata ta tashi, matar mai kemis. Sai wata. Sai sakatariyar taron da kanta, ta ajiye biro ta miƙe, ba ta ɗaga riga ba, ta dai tsaya. Na ƙirga bakwai. Akwai wasu huɗu da suka ci gaba da zama, kuma ban dube su ba, don duban ma tona asiri ne. Surukai tsofaffi suka riƙa waige-waige, kowa na neman matar ɗanta. Wata ta ce, "Ni dama na ce ihun nan ya cika daɗi."

Kosiso ba ta tashi ba.

Da aka lafa, Madam Rejina ta cire tabarau ta dubi Lolo. Hedimasta ce, ba ta buƙatar a zana mata.

"Lolo, abu biyu ne, ki zaɓa. Ko dai taro ya tilasta wa Daa Ugoye ta faɗi dalilin surukarki a nan, a gaban kowa, a rubuta a littafi. Ko kuma ki janye maganarki."

Lolo ta waiwaya baya. Ta daɗe tana duban Kosiso. Matar nan ba wawuya ba ce, bakinta ne kawai ya fi kanta sauri. Na ga lokacin da lissafin ya shige ta, kwana takwas na asibiti da komai. Fuskarta ta sauka kamar an zare mata tsinke.

Ta ce, "Ba na son jin dalili."

"To?"

"Na janye."

Na ce, "Me kika janye? Kujera?"

"Ugoye, kada ki wuce gona da iri."

"Shugaba, da za ta ɓata ni, jimla guda ta yi, da kaji da ganga a ciki. Yanzu kuma kalma biyu za ta ba ni? Ta faɗa cikakkiya."

Madam Rejina ta ce gaskiya ne. Lolo ta tsaya, murjani na lilo, ta ce Ugoye ta san aikinta, hannunta ba shi da sanyi, abin da ta yi a Aba daidai ne. Aka ci ta tarar kaza mai ƙwai, da kayan sallamata cif, a kawo har ƙofar gidana da rana, ba da asuba ba.

Da aka tashi, Kosiso ta ratso ta kusa da ni, ta ce a hankali, "Daa, na gode."

Na ce, "Wuce. Ba don ke na yi ba." Na karɓi yaron na juya shi. Ya yi nauyi, amma bayan kunnensa da datti. Na gaya mata.

Ina ɗaura ɗankwalina a bakin hanya sai ga Lolo, ita kaɗai, ba 'yan rakiya. Ta tsaya kamar mai jiran acaɓa, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Ya warke?"

"Mene ne ya warke?"

"Ugoye, kin san abin da nake nufi."

"Ban sani ba. Surukarki na can, bakinta ƙalau. Ki je ki tambaye ta, in kin iya tambaya ba da lasifika ba."

Ta ce, "Da na danna ta ranar nan fa?"

Na ce, "Da yau ba ankon taro kika sa ba."

Ta juya ta nufi inda Kosiso ke tsaye. Abin da suka ce wa juna ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Atamfar ta zo, gishirin ya zo. Kazar kuwa tsohuwa ce, ta daina ƙwai tun zamanin soja, kuma na mayar da ita. Cikin gidaje biyun da suka sallame ni, ɗaya ya aiko da ban haƙuri, wai 'yar'uwar tasu ba ta samu zuwa ba. Ɗayan har yau shiru, alhali yarinyarsu ta shiga watanta, kuma ba ta da uwa. Na ɗaure jakata na ajiye a bakin ƙofa. Amma sai sun zo da ƙafarsu.